Neman kalma: alƙiblar zafi da kai-kawonsa

'Yan uwa masu fassara da ma'aikatan rediyo, ga wasu kalmomi biyu na Turanci da nake so mu tsayar musu da Hausa: "trend" da "variability", kamar yadda masu auna zafin iskar doron ƙasa ke amfani da su. Yanzu duka biyun "sauyin yanayi" muke ce musu, shi ya sa da hunturu ya yi tsanani sai ka ji ana cewa, to ina ɗumamar da ake ta faɗa?

Ta farko ba ta ba ni wuya ba. Na ga an rubuta "yayi", amma yayi na atamfa ne, yana zuwa ya wuce. Ni dai "alƙibla" na zaɓa, tunda mun saba cewa alƙiblar siyasa. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce tsakanin 2011 da 2020 zafin doron ƙasa ya haura na 1850 zuwa 1900 da digiri 1.59, na teku kuwa da 0.88 kawai, domin ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi. Wannan hawan na shekaru fiye da ɗari shi ne alƙibla.

Ta biyun, wato hawa da saukar zafi daga shekara zuwa shekara, ita ce ake ta ja-in-ja a kanta. Wata malama ta kawo "sauye-sauye". Malama, Allah ya ƙara basira, amma a kunnen mai sauraro ta yi kusa da "sauyin yanayi" ƙwarai, ruɗanin da muke gudu ke nan. "Tangal-tangal" kuma tana nuna abin da ke shirin faɗuwa, alhali wannan motsi ne na asali wanda ba hannun mutum a ciki. Dutsen Pinatubo na Filifin ya yi aman wuta a 1991, hayaƙinsa ya tare hasken rana, zafin duniya ya sauka da kusan rabin digiri a 1992, bayan 'yan shekaru ya koma inda yake. El Nino, wato ɗumamar ruwan gabashin tekun Fasifik, ta ɗaga zafin 1998 sama sosai, har wasu suka yi ta cewa ɗumama ta tsaya saboda shekarun da suka biyo ba su wuce ta da yawa ba. Sai ga 2015 da 2016, sannan 2024, kowacce ta kafa sabon tarihi.

Don haka nake goyon bayan "kai-kawo". Kamar garken da ya doshi kudu da rani ne: wata saniya ta ratse dama, wata hagu, wata ma ta juya baya, amma makiyayi ya san inda aka nufa.

Ga yadda za ta fito a labarai: "Sanyin bana kai-kawo ne na ɗabi'a, alƙiblar zafi kuwa tana nan sama." Abin da ya rage shi ne "na ɗabi'a" ko "na halitta". Mutanen Damagaram da Maraɗi, wacce ta fi zama a bakinku?