Wai mace mai aiki da yara tana da lokacin fita gudu, ko dai wani take sauke wa nauyin?

Goggo: Salamu alaikum 'yan gida. Ni dai yau sai na faɗa ko za a ji haushina. Wannan sabon yayin da matan aure ke saka kambas su fita gudu da asuba ban gane masa ba sam. Mace tana da miji, ga yara 'yan makaranta, ƙarfe takwas ana jiranta a ofis, sannan a ce har da gudu? Taura biyu ma ba ta taunuwa balle uku. Duk wadda kuka ga tana yi ku bincika, akwai wanda take sauke wa nauyin a gida. Kuma aikin gida kaɗai ai ya ishi mace motsa jiki, mu da me muka rayu?

Maman Biyu: Ina kwana Goggo, an tashi lafiya? Na san da ni ake tunda ni kaɗai ce mai kambas a dangin nan 😂 Wallahi ba wani abin mamaki a ciki, tun dare nake goge yunifom in jera, in yanka kayan miya, in wanke kwanukan abincin yara in kife, da an yi sallar asuba in ɗora ruwan zafi in juye a filas, Abbansu na dawowa daga masallaci ni da maƙwabciyata mu fita mu zaga cikin jami'a wajen rabin awa, kafin su gama mutsittsike ido na dawo ina soya ƙwai. Ba kullum ba ma, ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi ko aiki ya biyo ni gida ina naɗe a gado abina.

'Yar Banki: Yaya ki faɗi gaskiya dai, ke a Samaru kike cikin kwatas, ga geti ga masu gadi ga kwalta shimfiɗe har bakin ƙofa ga bishiyoyi. Zo Tudun Wada ki gwada a lungunmu, ki tsallake kwata ki kauce wa mashin, karnuka su biyo ki, ga tsoron masu ƙwacen waya da duku-duku, in gari ya ɗan waye kuma ga masu shayi sun kafa benci kowa ido a kanki. Ni bakwai da 'yan mintuna na bar gida zuwa wurin aiki a PZ, in lissafin ranar ya ƙi daidaita sai bayan magariba nake shigowa, a ina zan saka gudun? Ni a nan ina bayan Goggo rabi.

Anti Nas: Rabin wurin gudu na yarda, amma zancen aikin gida ya isa ɗin nan Goggo ki yi haƙuri ban yarda ba. Gajiya daban, motsa jiki daban. Ki tsaya awa uku a kicin bayanki zai riƙe ƙafa ta kumbura amma bugun zuciya bai tashi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici irin tafiya da sauri, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi irin gudu, a ƙara da abin da zai ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Matsakaicin shi ne wanda za ki iya magana kina yi amma ba za ki iya rera waƙa ba. Ku lokacinku ai ko ba a faɗa ba kun wuce wannan, ga surfe ga daka ga jan ruwa a rijiya da guga, ki goya yaro ki taka daga Ƙofar Doka har kasuwar birni ki dawo. Mu kuwa inji ke niƙa, bilenda ke markaɗe, keke ya ɗauke mu a ƙofar gida ya ajiye mu a kujera har la'asar, sai shinkafa da lemon kwalba. Ku zo kilinik ranar masu hawan jini da suga ku ga fuskokin da ke kan layi, da yawa ba su kai ni shekaru ba.

Goggo: To naji na daka. Mutuncin fa? Matar aure guda tana falfala gudu a titi jiki na kaɗawa maza na kallo, gobe a ce 'yar gidan wane ce. Zariya ƙaramin gari ne wajen magana, kafin ki koma gida labari ya riga ki.

Maman Biyu: Goggo dogon wando ne mai faɗi da riga har gwiwa da hijabi a sama, wallahi na fi rufuwa a kan ranar biki da muke ɗaura ashobi mu yafa ɗan mayafi 🙈

Malama: Bari in ɗan sa baki tunda an zo gefena. Asalin gudu ga mace ba laifi ba ne. Ya zo a Abu Dawud cewa Annabi SAW ya yi tsere da Nana A'isha a wata tafiya ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan a madadin waccan. Amma masu kafa hujja da shi su riƙa ƙarasawa, a ruwayar Ahmad sai da ya ce wa sahabbai su yi gaba tukun. Ko a Safa da Marwa, da asalinsa daga Nana Hajara ne, maza ne ke sassarfa tsakanin koren fitilun nan, mata tafiyarsu suke yi. Ke nan maganar Goggo ta ido ba banza ba ce. Sutura, da yardar maigida, da wurin da ba cinkoson maza, in sun cika ni ban ga abin hanawa ba.

Amarya: Yawwa Malama na gode. Ni ma fa so nake in fara da na yi arba'in, tumbin nan ya ƙi komawa 😩 Kuma masu cewa haihuwa na gama mace su kalli Faith Kipyegon ta Kenya, ta ci zinare a gudun mita 1500 a Olamfik ɗin 2016, ta haihu a 2018, ta dawo ta sake ci a Tokyo ta kuma ci a Faris a 2024. Sifan Hassan ma da ta ci gudun fanfalaki na kilomita 42 a Faris, da ɗankwalinta a rufe ta hau karɓar lamba.

'Yar Banki: Ƙanwata Kipyegon gudun ne ofis ɗinta, shi ake biyanta ta yi, da koci da likita da mai tausa. Ba ta tashi ta dama kunu ta raka yara bakin titi sannan ta je ta zauna gaban manaja. Kar a kawo mana ita nan don Allah.

Anti Nas: Amarya tsaya tukun, wannan ya fi komai muhimmanci a duk abin da aka faɗa yau. Arba'in ba tikitin gudu ba ne. Ki je awon bayan haihuwa na sati shida a duba jininki da hawan jini, ki fara da tafiya, masu gashin ƙashi da yawa cewa suke a bari sai wajen wata uku kafin gudu, in tiyata aka yi miki kuwa sai likita ya ce. In kina atishawa ko tsalle kina jin fitsari na ɗigowa to naman ƙasan mara bai koma ba, gudu ƙara lalata shi zai yi, akwai atisayen matsewa da ake koyarwa, ki same ni gefe. Kuma mu 'yan Zariya muna da namu na daban, tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka yi rubutu kan yawan ciwon zuciyar masu jego a garin nan, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Mai jegon da ke haki daga ɗaki zuwa banɗaki, ko ƙafa na kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai ta tara filo, asibiti za ta ba fili ba.

Goggo: Oh, yanzu kuma kan kunun kanwa aka dawo. Da shi na yi jegon iyayenku gaba ɗaya ga ni nan daram.

Anti Nas: Allah ya ƙara lafiya Goggo, a dai rage kanwar 🙏

Yaya Babba: Ina ta karantawa ban ce komai ba. An tafi Kenya an tafi Makka an bar ainihin tambayar Goggo a ƙasa. Maman Biyu, rabin awan nan da kike waje waye da yaran? Kuma yarinyar nan da aka kawo miki daga ƙauye ƙarfe nawa take tashi? Ba da faɗa nake tambaya ba, na ga gidajen da uwar gida ke motsa jiki don lafiya, 'yar mutane mai shekara goma sha biyu tana tsugune a bakin famfo cikin sanyin hunturu hannu duk ya faffashe, ita ba boko ba islamiyya.

Maman Biyu: Tambaya ce mai kyau Yaya. Yarinyar tare suke tashi da nawa, tare suke fita makaranta, ba na barin ta taɓa ruwa da asuba, aikinta shara da wanke-wanken yamma. Wanda ke riƙe gidan a lokacin Abbansu ne, shi ke tashinsu ya yi wa namijin wanka ya sa su karatun asuba. Sauran kuma daga jikina na cire, tara da rabi na kwanta, na bar kallon dare, na bar hirar waya har sha biyu, bikin da ba na jini ba in aika gudummawa in ba da haƙuri, kuma na san ana gulmata a kan haka har a cikin dangin nan.

Goggo: Kun ji ko! Ai abin da na ce ke nan. Namiji guda da gemunsa yana wa yaro wanka matarsa na titi, kuma zumunci ya tafi.

Maman Biyu: Ɗansa ne fa Goggo, ba ɗan maƙwabta ba. Albashina yana shiga kuɗin makaranta da gas da cefane ba wanda ya ce namiji ya sauke min nauyi. Shi duk yamma yana filin ƙwallo da abokansa daga la'asar har magariba, ban taɓa jin an tambaye shi wa ya bar wa yara ba. Kafin in fara fita ɗin nan dawowa nake daga aiki kaina kamar zai tsage, yaro ya zubar da ruwa in hau shi da masifa, barci ma sai na sha magani. Yanzu su kansu sun san ranar da na fita da ranar da ban fita ba.

'Yar Banki: Wannan ta ƙwallon kam ta shige ni. Amma dai ki yarda ba kowace ke da irin mijinki da irin unguwarki ba, nawa ko kofin da ya sha shayi ba ya kaiwa kicin. Hutun haihuwa ma ba ɗaya ba, ma'aikatan jihar Kaduna tun 2019 wata shida ake ba su, mu na kamfani wata uku ka dawo da nono na zuba a riga. In an ce kowa za ta iya in ta so, ni zagi nake jin sa.

Maman Biyu: Ban ce kowa ba wallahi. Na ce dai wadda ta samu hali kar a mayar da ita mai laifi.

Anti Nas: 'Yar Banki ba dole sai titi ba. Igiyar tsalle a tsakar gida minti goma kafin wanka, ko ki sauka a keke tun kafin ki iso ki ƙarasa da ƙafa da sauri, ko benen ofis ki riƙa hawa da niyya. Guntu-guntun ma ana lissafa su cikin minti 150 ɗin. Ranar da hazo ya yi yawa masu asma ma gara su zauna a ciki.

Goggo: Ni dai ban canza ba, ku je ku yi ta yi. Amma duk wadda ta ƙi zuwa sunan jikata ranar Asabar ta ce min gudu ta je, za ta gamu da ni.

'Yar Banki: Anti igiyar a kasuwar Sabon Gari zan samu ko sai na yi oda? Mai ɗan nauyi nake so, ba irin ta yara ba.

Anti Nas: Duba wajen masu kayan ƙwallo. Na shiga diyuti, sai na fito.