Shin haraji ƙwace ne? Muhawara kan haƙƙin mallaka

Mai Alƙalami: Jama'a, ga magana na kawo. Ni a ganina haraji ƙwace ne, ko da doka ta halatta shi. Jikinka naka ne, ba sarki ne ya ba ka ba, ba majalisa ba. In jikinka naka ne, guminka naka ne, abin da gumin ya haifar ma naka ne. Hujjar John Locke, masanin falsafa na Ingila, ke nan tun 1689. Robert Nozick, masanin falsafa na Amurka, ya ƙara mata ƙarfi a 1974, ya ce cire haraji daga albashi daidai yake da aikin tilas: in ana yanke maka ladan awa biyu kullum, to awa biyun nan wani ka yi wa aiki ba da son ranka ba. Murray Rothbard kuma, masanin tattalin arziki na Amurka, ƙa'idarsa guda ce, kada ka fara kai wa mutum ko dukiyarsa hari. Ɗan fashi bai kuɓuta daga wannan ƙa'ida ba, don me gwamnati za ta kuɓuta?

Lauya: Yaya, wa ke tabbatar maka da cewa naka ne? Ranar da maƙwabci ya matsar da iyakar gonarka, kotu za ka je, takardar mallaka za ka ɗaga, ɗan sanda za ka kira. Duk da haraji ake riƙe su.

Mai Alƙalami: Ƙanena, mai gadi daban, mai gida daban. Haƙƙin ya riga kotu zuwa, aikinta kawai ta tsare shi. Shi ya sa Nozick ya yarda da ƙaramar gwamnati mai hana sata da zamba da zub da jini. Abin da ya wuce haka ne nake ƙi.

Malamar Tarihi: Ni ba a nan na tsaya ba, Malam. Kun fara labarin daga tsakiya. Hujjarka tana aiki ne in dukiyar ta fito ta hanya mai tsabta tun hannun farko, sannan ta bi hannu zuwa hannu da yardar kowa. To duba yadda abin ya gudana. A 1862 Amurka ta yi dokar da ta ba mutum eka 160 in ya zauna a kai ya noma ta shekara 5. Kai ka ce Locke ne ya rubuta ta. Amma ƙasar wa ake rabawa? Ta 'yan asalin nahiyar ce, waɗanda aka kora da bindiga da yarjejeniyoyin da aka karya. A 1833 kuma da Birtaniya ta yi dokar 'yanta bayi, ta ware fam miliyan 20 na diyya. Masu bayin aka biya, saboda an raba su da abin da doka ke kira dukiyarsu. Bayin da suka yi gumin ba a ba su komai ba, akasarinsu ma sai da aka sa su ƙarin shekaru na aikin dole. Wannan kuɗi ya shiga gado, ya shiga banki, ya zama gidaje da kamfanoni. Wanda ya gaje shi yau zai iya bugun ƙirji ya ce haƙƙinsa ne na asali? Wannan abu yana ci mini rai, domin duk sanda aka ce kada a taɓa dukiyar kowa, daga yau ake fara lissafi, a bar jiya a rufe.

Mai Alƙalami: Malama, wannan ai hujjata ce kika ƙarfafa. Bauta ita ce mafi munin keta haƙƙin mutum a kan jikinsa. Rothbard da kansa ya ce gonakin da bayi suka noma su ya kamata a mallaka wa. Nozick ma yana da ƙa'idar gyara zaluncin baya.

Malamar Tarihi: Yana da ita, amma bai fayyace yadda za a yi ba. Har ya amince cewa zaluncin baya zai iya yin yawan da sai an sami gwamnati mai faɗin iko na wani lokaci kafin a gyara shi. Wa zai bi diddigin gona bayan shekara 200? In ba a iya ba, da me za a rama wa jikokin wanda aka ƙwace wa, in ba da harajin da kake kira ƙwace ba?

Hajiya 'Yar Kasuwa: Ku bar ni in sa baki. Ina tare da Mai Alƙalami, don mun ga abin da ke faruwa in aka raina mallakar mutum. Tarayyar Sobiyet ta tattara gonakin manoma da ƙarfi, yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyi a Yukren da Kazakistan. A Sin, daga 1959 zuwa 1961, abin ya fi haka muni. A 1978 manoma 18 a ƙauyen Xiaogang suka raba gonar gama-gari tsakaninsu a asirce, suka dangwala yatsa a takarda, suna tsoron kurkuku. Da kowa ya san abin da ya rage bayan kason hukuma nasa ne, amfanin gona ya ninka.

Lauya: Gaskiya ne, Hajiya, sai dai kin sauya hujja. Ke kina cewa a mutunta mallaka don tana kawo wadata. Rothbard cewa yake a mutunta ta ko da ba ta kawo ba. In amfani ne ma'auni, to harajin da ya gina asibiti shi ma yana da amfani.

Malam Mai Fiƙihu: Assalamu alaikum. Rabin maganar Locke tsohon zance ne a wurinmu. Hadisi ya zo cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce. Amma wani hadisin ya ce Musulmi sun yi tarayya a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Rijiyar Ruma a Madina, mai ita sayar da ruwan yake yi, Sayyidina Usman ya saye ta ya mai da ita ta kowa. Lura, saye ya yi, ba ƙwacewa aka yi ba. Zakka kuwa Alƙur'ani haƙƙi ya kira abin da mabuƙaci ke da shi a cikin dukiya, ba alfarma ba. Locke ma ya gindaya sharaɗi: ka ɗauka, matuƙar ka bar wa wasu abin da ya isa, mai kyau kamar naka. Nozick ya yarda cewa mutum ba zai mallake rijiya ɗaya tilo a hamada ya sa farashin da ya ga dama ba.

Mai Alƙalami: Allah ya gafarta Malam, ƙasa da ruwa ba wanda ya ƙera su, wannan sharaɗi a kansu yake. Ni maganata a kan albashin likita ce, da ladan tela. Wace ƙasa suka ƙwace?

Malamar Tarihi: To in haka ne ka zo wurin marubucin siyasa Thomas Paine. A 1797 ya ce masu ƙasa su biya al'umma kuɗin haya, a ba duk wanda ya kai shekara 21 fam 15. Henry George, masanin tattalin arziki na Amurka, a 1879 ya ce a ɗora haraji a kan darajar ƙasa kaɗai, a ƙyale gumi. Ka yarda da wannan harajin, ko shi ma ƙwace ne?

Mai Alƙalami: A kan ƙasar da ba a taɓa ba, zan saurare ki. A kan gonar da mutum ya sassabe da hannunsa, sai kin nuna mini yadda za a raba darajar ƙasar da darajar aikinsa kafin in yarda.