Zangalewa: waƙar Shakira ce ko ta sojoji, kuma mi take nufi?

Ɗan_Bagalam:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masana ku raba mu da gardama, ta ƙi ƙarewa a fadarmu. Waƙar nan Waka Waka ta kofin duniya na 2010, wadda yaro da babba kowa ya iya amshinta, ƙannenmu sun kafe wai Shakira ce ta ƙago ta, ni ko tun muna lakwal muke rera amshin in mushe ya fito da mu gudu da safe, lokacin ba mu taɓa jin sunan matar ba. Har wani ya ce Hausa ce aka lanƙwasa tunda ana cewa waka. To daga ina ta fito, kuma mi ake cewa ciki?

Mushe_Issa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kai ke da gaskiya, amshin ya girmi kofin 2010 nesa ba kusa ba. Daga Kamaru ya fito. Wata ƙungiya ce mai suna Golden Sounds ta buga shi a 1986, kuma 'yan ƙungiyar sojoji ne na rundunar tsaron shugaban ƙasa, wanda aka fi sani cikinsu shi ne Jean Paul Zé Bella. Waƙar ta yi ƙarfi har suka koma amsa sunanta, wato Zangalewa. Wanda ya kalli tele zamanin nan zai tuna su, sun sa kaki da hular kwano irin ta Turawan mulki, sun cusa tsumma ciki da baya sun yi ƙaton tumbi, suna tafiya kamar ƙafa ta gaza. Su ma ba su suka ƙirƙiri amshin ba, a bakin sojoji suka same shi, waƙar maci ce tun da can. Ba Hausa ba ce, harsuna ne aka gauraya, na kudancin Kamaru da Faransanci da buroka, fassarar kalmar Zangalewa da aka fi yarda da ita daga harshen Fang na kudancin Kamaru take, wato wa ya kira ka. Wasu na cewa jinjina ce ga baƙaƙen da Faransa ta kwasa yaƙin duniya na biyu, wasu su ce habaici ne ga sojojin da suka yi tumbi da bin Bature suna gallaza wa 'yan uwansu, shigar nan ta tsumma ita ce hujjarsu.

Tsohon_Soja:
Mushe ka yi bayani Allah shi biya. Amma maganar jinjina ni ban yarda da ita ba sosai, wanda ya sa takalmin nan ya san inda waƙar take ciwo. Asuba ce, sanyin hunturu, an tashe ku da usur kun fito cikin babu komi, jaka a baya, ƙafa duk ta yi bororo, sai ka ji sabon shiga a bayanka shina shan majina shina tuna uwarshi, nan ne mai ba da waƙa zai ɗaga murya ku kuwa ku amsa, ma'anar ke nan, wa ya ce ka zo, kai ka kawo kanka to sai ka daure. Tsiya ce ake ma juna amma ita ke riƙe ƙafa, in amshi ya zauna daidai da taku sai ka nemi gajiyar ka rasa. Da yawanmu ba mu san kalma ko guda ba, kowa da yadda yake murɗa ta, kuma ba ta taɓa hana maci tafiya ba. Abin da ke sosa min rai shi ne yaran yanzu su ji ta su ce waƙar balo ce ta wata baturiya, ba su san zufar da ke bayanta ba.

Maman_Nana:
Baba Soja a yi haƙuri zan ɗan kare ta. Shakira 'yar Kolombiya ce, garinsu Barranquilla a bakin teku, kuma can an daɗe ana sa faifan Afirka wajen biki, Zangalewa ta shiga wurinsu tun da daɗewa, har wasu mata na Jamhuriyar Dominika, Las Chicas del Can, sun ɗauki amshin cikin wata waƙarsu tun kafin 1990. Kenan ita ma da shi ta tashi kamar mu. Kuma ba ita kaɗai ta rera ba, akwai ƙungiyar mawaƙa Freshlyground ta Afirka ta Kudu. Inda aka yi ba daidai ba shi ne da farko ba a ji sunan tsoffin nan ba sai da 'yan Kamaru suka tada ƙura, sannan aka zauna da Sony, kamfanin faifan Shakira, aka sasanta a 2010 ɗin.

Ɗan_Bagalam:
Na gode iyayena, yau da dare zan karanta masu wurin shayi. Amma Mushe ga wata, in su Zé Bella ma a bariki suka tsince ta, to haƙƙin na wa ne ke nan?

Mushe_Issa:
Nasu ne ta fuskar faifai, don su suka tsara kiɗan suka sa ta a kaset har ta ƙetare teku, ba don su ba da Kolombiya ba ta ji ta ba. Wanda ya fara rera ta cikin sahu kuwa sunanshi bai shiga takarda ba, kamar waƙoƙin daka da na gaɗa na nan gida. Ka nemo masu bidiyon 1986 a YouTube su gani da idonsu, shi ya fi saurin kashe gardamar.