Bayan Ritaya: Abin da 'Yan'uwa Suka Faɗa

Jama'a, magana ta yi tsawo a kan abin da ya kamata ma'aikaci ya yi bayan ritaya, ga abin da na tsinto daga ra'ayoyin 'yan'uwa.

1. An haɗu a kan cewa shiri tun ana kan kujera ake yin sa. Ma'aikacin gwamnati ya san galibi da ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki zai ajiye, ba kwatsam abin ke zuwa ba.

2. Noma aka fi ambata, a nan ne kuma aka rabu. Mutanen Kura, Bunkure da Garun Malam sun yabi noman rani da ruwan dam ɗin Tiga: shinkafa, alkama, tumatir. Na Gumel da Maigatari suka ce riɗi da zoɓo, tunda suna ajiyuwa har farashi ya tashi, tumatir kuwa kwana kaɗan ya ruɓe a kwando. Wasu suka ce wanda ya saba da biro kada ya zuba giratutinsa duka a gona, ya fara da kadada ɗaya yana zuwa da ƙafarsa. Ina ganin suna da gaskiya, noman aike ya cinye mutane da yawa.

3. Kiwo: turkar raguna wata uku kafin Babbar Sallah. Iyayenmu mata sun fi son awaki da kaji.

4. Tsofaffin malamai su koyar a Islamiyya ko ajin yaƙi da jahilci, ma'aikatan lafiya su shiga kwamitin asibitin ƙauye. Wasu sun ƙara da zaman sulhu a ƙofar dagaci.

Komawa ƙauye dungurungum kuwa ba a daidaita ba. Masu hawan jini da ciwon suga sun fi son zama kusa da asibiti.