Muhawara: Shin wasan tseren mota yana koya wa samarinmu ganganci a titi?

Alhaji Ɗanlami, Makka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da maganar da ta dame ni, kuma ina so wannan zaure ya duba ta da idon basira. Ra'ayina shi ne wasan tseren motar nan da yaranmu suke bugawa a talabijin, wanda ake kira Forza Horizon, yana dasa musu ganganci tun kafin su kai shekarun karɓar lasisi. Daren jiya na zauna kusa da jikana mai shekara 15 ina kallonsa. Ba a filin tsere aka killace shi ba, an sakar masa ƙasa guda ce da garuruwanta da gonakinta da manyan titunanta, yana bin inda ya ga dama. Ya hau hannun da ba nasa ba, ya ratsa tsakanin motoci biyu da kyar, ya rushe shingen gona, kuma duk abin da ya yi sai lambobi su ƙaru a saman allo a matsayin lada. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kyamarar gefen titi. A cikin wasan, idan ka wuce ta da gudun da ya kai, taurari uku za a ba ka. Mu kuwa a Saudiyya tun 2010 da aka kawo Sahir, wato tsarin kyamarorin da ke kama masu karya dokar tuƙi, kuɗin tara kyamara take rubuta wa mutum. Na yi shekara talatin ina jigilar alhazai tsakanin Makka da Madina, tafiyar fiye da kilomita 400, na kuma ga abin da gudu yake yi wa jikin ɗan Adam. Yaron da ya saba ganin kyamara ya ƙara totur, me kuke tsammani zai yi ranar da ya riƙe sitiyari na gaske?

Abdurrahman, Jidda:
Wa alaikumus salam Baba. Duk abin da ka bayyana haka yake a cikin wasan, ba zan musa ko ɗaya ba, domin ni ma ina buga shi tun fitowar kashi na uku a 2016, wanda aka shimfiɗa a Ostireliya. Na huɗu ya zo a 2018 da ƙasar Birtaniya, na biyar kuma a 2021 da Meziko, kuma ina kyautata zaton shi ne wanda jikanka yake bugawa idan ka ga hamada da guguwar ƙura da dutse mai aman wuta. Inda nake neman afuwa in saɓa maka shi ne batun cewa wasan yake haifar da ganganci. Ni dai daga cikinsa na fara gane cewa birki kafin a shiga kwana ake taka shi, ba a tsakiyarta ba, domin akwai layin da ake zana wa mai koyo a kan titi, wanda yake komawa ja idan gudunka ya fi ƙarfin kwanar da ke gabanka. Daga cikinsa na san bambancin motar da tayoyin gaba ke ja da wadda na baya ke turawa, na kuma san cewa mota tana zamewa a kan yashi ko jiƙaƙƙen titi ko da birkinta lafiya lau yake. Yau shekarata huɗu da lasisi, kuma ranar da na fara hawa hanyar Hada zuwa Ɗa'if, wannan ilimin ne ya sa na rage gudu kafin kowace kwana.

Alhaji Ɗanlami:
Ɗana, Allah Ya ƙara tsarewa. Amma kai mutum ɗaya ne, kuma na san gidan da ka fito. Ba a auna garke da tunkiya guda. Ka amsa mini batun kyamara da ladan rushe shinge, domin a kansu na tsaya.

Malam Sabi'u, makanike, Jidda:
Alhaji, bari in shigo a nan, saboda motocin da aka yi ganganci da su garejinmu ake jawo su. Ina ganin ka ɗora wa wasan laifin da ya girme shi. Ni na zo ƙasar nan ina saurayi a shekarun 1980, kuma da idona na ga samari suna tafhiɗ a titunan bayan gari da tsakar dare, suna juya mota tana shan taya har hayaƙi ya turnuƙe, jama'a sun yi layi a gefe suna shewa. A lokacin ko PlayStation na farko bai fito ba, domin sai a 1994 aka fara sayar da shi a Japan. Abin ya yi tsanani har hukuma ta ƙara hukunci a 2016: karon farko Riyal 20,000 da tsare motar kwana 15, karo na biyu Riyal 40,000 da kwana 30, karo na uku Riyal 60,000 tare da kai maganar kotu a duba ƙwace motar. Samarin da nake gani suna kawo mini motar da ƙafarta ta karye ko gefenta ya lotse, idan na zauna da su, abin da suke nuna mini a waya shi ne bidiyon wani saurayi irinsu da ya yi suna da juya mota a titi na gaske, kuma shi suke so su zama. Har yau ban taɓa jin ɗayansu ya ce daga wasan talabijin ya ɗauko ba.

Sai dai akwai inda nake tare da kai, kuma Abdurrahman bai taɓo shi ba. A yadda yawancin yara suke buga wasan, mota tana dukan bishiya da gudun kilomita 200 a sa'a, fenti ya ɗan kwarje, gilashi ya tsage, ta ci gaba da tafiya kamar ba a yi komai ba. Ni kuwa na san abin da ke faruwa da ƙarfe a rabin wannan gudun. Na san yadda tsohuwar taya take fashewa a kan kwalta mai zafi a watan Yuli, da yadda raƙumi guda a hanyar dare yake mayar da rufin mota kamar an taka gwangwani. Wannan ba ya cikin abin da yaro yake gani a allo.

Hajiya Rabi, Makka:
Yaya Alhaji, ina gaisuwa. Ni ban iya wasan ba, amma na koyi tuƙi da girmana bayan an ba mu mata izinin tuƙi a watan Yunin 2018, don haka ban manta yadda koyo yake ba. Abin da ya fi mini wuya ba juya sitiyari ba ne. Wuyar tana cikin duba madubi uku a lokaci guda, da lura da yaron da zai iya fitowa daga bayan motar da aka ajiye, da haƙuri da cunkoson Shari'u Mansur bayan sallar isha'i, da nauyin da nake ji a ƙirjina cewa rayukan mutane suna hannuna. Ɗana na biyu yana buga irin wannan wasa, kuma ban ga ya zama mai ganganci ba, amma na ga wani abu dabam wanda a wurina ya fi haɗari. Yana ganin ya riga ya iya tuƙi. Wata rana ya ce in ba shi makulli ya gyara mini fakin a ƙofar gida, na hana shi, sai ya ce ai ya tuƙa motoci fiye da ɗari. Da gaske yake faɗa, ba wasa yake yi ba. Saboda haka ni ba na cewa wasan yana sa yaro ya so karya doka, cewa nake yi yana sa shi ya raina abin da bai taɓa ɗanɗanawa ba.

Abdurrahman:
Umma, wannan maganar taki ta kama ni, domin ni ma na shiga makarantar tuƙi da irin wannan tunanin, kuma a rana ta farko ƙafata ta kasa daidaita birki, na riƙa tsayar da mota da ƙarfi har mai koyar da ni ya dafe gabansa. Yatsa a kan madanni ba ya jin nauyin mota, jiki kuma ba ya jin ana jansa gefe idan an sha kwana. Akwai ma abin da Baba bai ambata ba wanda ya fi kyamara ƙarfafa hujjarsa, wato maɓallin da ake dannawa a mayar da lokaci baya. Idan ka yi karo, sai ka danna, motar ta koma inda take daƙiƙu kaɗan kafin kuskuren, ka sake gwadawa. Amma game da kyamarar, Baba, amsata ita ce yaro ɗan shekara 15 ya san bambancin Meziko ta cikin allo da titin unguwarsu, kamar yadda ya san cewa Sahir saƙon tara take aikowa a wayar mai mota. Ƙasar nan da kanta tana karɓar tseren Dakar tun 2020, an kuma fara yin tseren Formula 1 a bakin tekun Jidda a Disambar 2021, kuma ba wanda ya ce kallonsu zai sa mu mayar da titi filin tsere. Son gudu yana cikin jinin samari, kuma na fi son ƙanena ya sauke shi a falo da ya sauke shi a kan kwalta.

Alhaji Ɗanlami:
Malam Sabi'u, na karɓi gyaranka a kan tafhiɗ, domin ni ma na gan shi a waɗancan shekarun, kuma ba daidai ba ne in ce wasan ne ya kawo shi. Amma ban janye gaba ɗaya ba. Direban Dakar da na Formula 1 suna cikin hanyar da aka tanada musu, da hular kwano a kansu, da motar asibiti a kusa. Wasan da na gani jiya a titin jama'a yake gudana, tsakanin motocin da ba su shiga tsere ba, kuma yana ba da lada idan an wuce su da kyar. Abin da yaro ya maimaita sau dubu yana jin daɗi, ban yarda cewa ba ya barin komai a zuciyarsa ba. Maganar Hajiya kuwa ta ƙara mini damuwa, saboda jikana ma ya taɓa tambayata makulli.

Malam Sabi'u:
To Alhaji, idan haka ne ka kawo mini shi gareji ranar Asabar da safe. Akwai mota a wurina yanzu da aka jawo daga babban titi, sitiyarinta ya manne da kujerar direba. Ya tsaya ya gan ta, ya taɓa ƙarfen da hannunsa, ni kuma zan gaya masa a wane gudu abin ya faru.

Abdurrahman:
Baba, idan ka amince ni ma zan zo gida ranar Juma'a bayan la'asar. A cikin saitin wasan ana iya kashe maɓallin mayar da lokaci, ana iya sa lalacewar mota ta zama ta gaske ta yadda karo zai taɓa inji da giya da sitiyari, ana kuma iya cire layin da ke nuna wurin birki. Zan saita masa haka a gabanka, ka zauna ka ga ko tuƙinsa zai canza.

Alhaji Ɗanlami:
Na amince da duka biyun. Abdurrahman, idan ka zo ka nuna mini inda saitin yake da kaina, domin in iya dubawa ko ya mayar da shi bayan ka tafi. Malam Sabi'u, ka turo mini kwatancen garejin, za mu taso daga Makka bayan sallar asuba in sha Allahu.