Wurin ninkayarmu na kankare yana yoyo, mun kasa gano ta ina

Assalamu alaikum jama'a. Ina kula da wani ƙaramin masaukin baƙi a Kaduna, kuma akwai tsohon wurin ninkaya na kankare da aka shimfiɗa wa tayil. Ruwansa yana raguwa kusan santimita 3 kullum.

Da farko maigidan ya ce hunturu ne ke shanye shi. Sai na cika bokiti na ajiye a kan matakala, na yi alama ciki da waje. Washegari ruwan bokitin da kyar ya ragu, na tafkin kuwa ya sauka sosai. Yoyo ne, ba shakka.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne idan injin tace ruwa yana aiki, raguwar ta fi yawa, wanda ke nuna bututun da ke mayar da ruwa ne. Amma ko an kashe injin, ruwan yana sauka har ya kai ƙasan fitilar bango, sannan ya tsaya cak. Na ɗiga shuni da sirinji kusa da fitilar, ban ga ya shige ko'ina ba.

Magini ya ce a fasa daɓen gefe a bi bututun, ni kuma ba na son a fara fasa wuri da ka. Don Allah, wanda ya san aikin: wuri biyu ne ke yoyo? Ta yaya ake toshe bututu a gwada shi da iska? Kuma idan ramin fitilar ne, simintin da ke kamawa cikin ruwa zai riƙe, ko sai an kwashe ruwan duka?