Wane mai ake sa wa bindigar toka, kuma a wane lokaci?

Magajin Baba

Assalamu alaikum. Tambayata ga maharba ce da maƙera da duk wanda hannunsa ya saba da bindigar toka.

Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mini adakarsa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Da ita yake korar birai da gadu daga gonarmu, da ita kuma yake fita cikin 'yan bindiga ranar hawan Sallah. Tun ina ƙarami nake ganinsa a zaure bayan la'asar yana goge ta, da wani ɗan gwangwanin madara a gefensa yana lakato wani abu fari-fari daga ciki. Ban taɓa tambayarsa mene ne ba, kuma wannan yana ci mini rai yanzu.

Da damina ta kankama sai na ga jan tsatsa ya fara fitowa a bakinta. Na ji tsoron kada ta lalace a hannuna, na je wurin mai gyaran babur na samo baƙin mai, na tsiyaya mata a ciki sosai, na jingine ta a kusurwar ɗaki baki a sama. Wata uku ban taɓa ta ba. Makon jiya birai suka addabi dawarmu, na ɗauko ta na ɗura yadda na ga Baba yana yi. Na ja kunama, ƙyas kawai na ji, ba ta tashi ba. Ina sauke ta daga kafaɗa zan duba sai ta tashi da kanta, da wata raunanniyar ƙara da hayaƙi mai warin ƙonannen mai. Allah ya sa bakinta ƙasa yake kallo, domin ƙanena yana tsaye bai fi taku biyar daga gare ni ba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Da na zura tsumma a cikinta, wani baƙin abu ya fito mai danƙo kamar kwalta, ya ƙi fita duka. To don Allah, man ne ya jawo haka? Ba a sa mata mai ne sam, ko kuwa irin man ne ban dace ba?

Tsohon Maharbi

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ɗana, ka gode wa Allah, an tsare ku kai da ƙanenka.

Ana sa mata mai, amma kuskure biyu ka haɗa. Na farko irin man, na biyu yadda ka ajiye ta. Da ka jingine ta baki a sama, duk man da ka zuba gangarawa ya yi ya taru a gindi, daidai inda albarushi ke zama, ya kuma toshe 'yar ƙofar da wuta ke bi ta shiga. Ka zuba albarushi a kan mai ya jiƙe, wuta ta zo ta tarar da shi a haka, sai ta riƙa cinsa a hankali kamar ɗanyen itace har ta kai ga busasshen. Shi ya sa ta yi jinkiri. Daga yau ka riƙe wannan: in ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka sauke ta ka leƙa, kada ka juya. Ka bar bakinta a inda babu kowa, ka ƙirga ɗari a zuciyarka kafin ka motsa.

Shi kuma baƙin mai da giris da duk danginsu da ake samu daga fetur ba sa shiri da albarushi. In suka ƙone tare, wannan kwaltar da ka gani suke bari, ruwa ba ya wanke ta da sauƙi. Kitsen dabba da man itace su ne abokan tafiyarsa, domin suna tausasa dauɗar, tsumma ɗaya ya kwashe ta.

Abin da matasa ba sa ganewa shi ne, ba rashin mai ke fara kawo tsatsa ba, rashin wanki ne. Tokar da albarushi ke bari tana da gishiri-gishiri, tana jan raɓa daga iska. Ka shafa mai a kanta ba ka wanke ba, ka rufe cuta ne kawai, tana can ƙasa tana cin ƙarfe. Ni duk ranar da na yi harbi, ko sau ɗaya ne, ba na kwanciya sai na wanke ta. Ina tabbatar babu ɗuri a ciki, in ɗora ruwa ya yi zafi, in zuba ta baki, in naɗa tsumma a sandar ɗuri in yi ta kai da komo, in zubar, in sake, har ruwan ya fito fari. Zafin ruwan yana taimakawa, ƙarfen ya ɗauki ɗumi ya bushe da wuri. Sai busassun tsummoki har na ƙarshe ya fito ba danshi. A nan ne mai ke shigowa, ƙarfe yana da sauran ɗumi: ɗan kaɗan a tsumma, a zura sau biyu ko uku, ya zama sheƙi kawai ido ke gani. In ya kai ga ɗiga, ya yi yawa. Sannan a ajiye ta baki a ƙasa ko a rataye ta a kwance.

Ranar fita kuma sai a goge wannan man tas da busasshen tsumma kafin a zuba albarushi, a sa siririn tsinke a buɗe ƙofar wuta.

Ni man kaɗanya nake sawa, in narka shi da kakin zuma. A hunturu kakin kaɗan ne, don man yana daskarewa da kansa. Da bazara nakan ƙara kaki, in ba haka ba ya narke ya bi bututu ya gangara. Man shanu ban yarda da shi ba, yana da ruwa a jikinsa kuma yana saurin yin wari. Duk kitsen da aka sa wa gishiri kuwa kada ya kusance ta.

Maƙerin Bakin Kasuwa

Baba ya gama magana, sai dai zan ɗan ƙara. Man inji mai tsabta, irin na keken ɗinki, ba laifi a ɗiga shi a kan kunama da sifirin da sauran ƙarafan waje, can ba ya haɗuwa da albarushi. Cikin bututu ne aka hana.

Abin da ya fi damuna shi ne tsatsar da ka ce ka gani. Kafin ka sake ɗura ta ka kai wa maƙerin da ya san aikin ya duba gindinta, domin yawancin adakar da ake ƙerawa a nan ƙarfenta ba shi da kauri, tsatsa in ta yi rami daga ciki ba a gani daga waje. Kuma wannan kwaltar tana iya riƙe ɗuri a tsakiyar hanya ka zaci ya kai. In aka bar fili tsakanin albarushi da abin da aka ɗura a kansa, bututu kan kumbura ko ya fashe. Ka yi wa sandar ɗurinka alama biyu, ɗaya ta bindiga ba komai, ɗaya ta cikakken ɗuri. Hodar harsashin zamani kuma ko da wasa kada ka zuba mata, ƙarfinta ya fi ƙarfin wannan bindiga.

Malamin Firamare

Ni ba maharbi ba ne, karatu ne ya haɗa ni da zancen. Tamu adakar cikinta sumul yake, amma akwai irin ta Turawa da ake ɗurawa ta baki, cikinta da tsage-tsage masu murɗewa don harsashi ya fita yana juyawa. A irin wannan bindigar, mai ya zama dole a kowane ɗuri. Maharban Amurka na da suna naɗe dunƙulen dalma a ƙyalle mai maiƙo kafin su tura shi, don ya shige da sauƙi ya kuma kama tsagen. A 1849 wani hafsan sojan Faransa mai suna Minié ya fito da harsashi mai zobba a jiki, ana cike zobban da kitse da kaki.

Wannan kitse har tarihi ya juya. Bindigar Enfield ta 1853 da Turawan Ingila suka kawo wa sojojinsu na Indiya, albarushinta a ƙunshin takarda mai maiƙo yake zuwa, sai soja ya yage shi da haƙori. Labari ya bazu cewa kitsen saniya da na alade ne, ga shi sojojin 'yan Hindu ne masu tsarkake saniya da Musulmi masu ƙyamar alade. Yana cikin abin da ya tayar da boren da ya ɓarke a garin Meerut na Indiya a watan Mayun 1857.

Tambayata ga Baba: tsumman da ake dannawa a kan albarushi a tamu bindigar, shi ma ana shafa masa?

Tsohon Maharbi

Malam, ana shafawa, amma da dabara. Busasshe ake fara sawa a kan albarushi, mai ɗan maiƙon ya biyo baya, don kada man ya tsotsa ya kai ga albarushi in ɗurin ya daɗe. Amfaninsa biyu: yana tausasa dauɗa, kuma ba ya saurin kamawa da wuta. Busasshen tsumma yakan fita yana ci, ya faɗa cikin ciyawar kaka, na sha taka irinsa da ƙafata kafin ya zama gobara.

Magajin Baba

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kai ta wurin maƙeri jiya, ya kwance gindin ya kankare kwaltar, ya ce tsatsar ba ta yi rami ba tukuna, amma in dawo da ita bayan kaka ya sake gani. Ya yi mini alamun nan biyu a sanda.

Da dare na karanta wa Inna abin da Baba Maharbi ya rubuta. Ta tashi ba ta ce komai ba, ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin, ashe ita ta adana shi cikin kwallarta. Ta ce kitsen ragon layya ne, duk shekara ita take narka masa ta tace a ƙyalle, shi kuma ya haɗa da kakin da yake karɓa wurin masu ɗiban zuma. Akwai saura kusan rabi, ya ɗan yi rawaya amma bai yi wari ba, har da shaidar yatsansa a kai.

Baba, wannan da ya shekara biyu zan iya amfani da shi, ko in jira layya in haɗa sabo?